Kafin Ku Sa Diga a Tsohon Masallaci: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamitocin Masallatai da Masu Hannu da Shuni na Birnin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena limamai da na'ibai, Allah ya gafarta muku. Yayyena alhazai da hajiyoyi, waɗanda Allah ya buɗa wa kuma suka ga babu inda ya fi cancanta da dukiyarsu kamar ɗakin Allah, Allah ya ƙara buɗi. Ƙannena 'yan kwamiti, masu yawo da kwali da rasit ranar Juma'a, masu fama da inji idan ya ƙi tashi a daren Tahajjud, sannunku da ɗawainiya. Ni ba malamin addini ba ne, ba kuma magini ba. Tsohon malamin firamare ne da ya ajiye alli, haifaffen wani lungu tsakanin Dala da Kurmi, wanda yawan iyali da ƙuncin gida suka tura bayan gari tun da daɗewa.

Kwanakin baya na shiga cikin gari ɗaurin aure. Bayan an shafa fatiha, ana rabon goro da alawa, sai wani ya miƙe ya yi albishir cewa wani bawan Allah ya ɗauki nauyin rushe tsohon masallacin ƙasa na wannan unguwa bayan Babbar Sallah, zai tayar da mai hawa biyu, da tayil, da na'urar sanyaya ɗaki. Aka yi kabbara. Ni ma na yi, amma a leɓe ta tsaya. Na koma gida na kasa barci, domin na taɓa ganin irin wannan albishir da abin da ya biyo bayansa, a kan mahaifina.

Masallacin lungunmu ƙarami ne, sahu huɗu idan an matsu. Kaurin bangonsa ya kai a ce yaro ya kwanta a bakin taga ya yi barci, kuma mun sha yi. Ƙofar gajeriya ce, duk girman rawaninka sai ka sunkuya kafin ka shiga. Rufinsa ɗaurin guga ne, azara a jere kamar haƙoran matsefi, hayaƙin aci-balbal na shekaru ya mayar da su baƙi wuluk, kuma alkukin da ake ajiye fitilar yana nan har bayan zuwan lantarki, an mayar da shi ma'ajiyar izu-izu na Alƙur'ani da suka yage. Ginshiƙai biyu ne a tsakiya. A waje akwai durumi, a gindinsa randa biyu da butoci, sai dogon dakali inda dattawa ke zama tsakanin Magariba da Lisha. A kan wannan dakali aka yanke sadakin kusan duk macen da aka aurar a lungunmu. A gabansa aka ajiye makarar kakana, da ta mahaifiyata, da ta ƙanena da ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara huɗu. Idan bazara ta yi bazara, garin na tafasa, kana sa ƙafa a ciki sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a ƙeya. Ga wani ƙamshi da ban sake jin irinsa ba, na ƙasa da aka yayyafa wa ruwa da tabarmar kaba da ɗan turaren da ya maƙale a rigunan tsofaffi.

Baba baduku ne, kuma aikin allura a cikin duhun zaure ya cinye masa ido. Ya yi shekara 14 ba ya gani, amma ko sau ɗaya bai nemi ɗan jagora zuwa masallaci ba. Zai fito da asuba, ya dafa bangon gidanmu da hannun hagu, ya bi shi har inda indararon maƙwabta ya zaizaye yaɓe, nan ya san zai karya kwana. Saiwar durumi ce ke gaya wa ƙafarsa ya iso. Ya sunkuya, ya shiga, ya shafa ginshiƙin dama, wanda kafaɗarsa ta goge har ya yi santsi, ya shimfiɗa buzunsa. Yakan riga ladan isa. Idan muka ce Baba bari a raka ka, sai ya ce, "Ku raka mai ido, shi ne ke ɓata."

Sai Allah ya kawo wani mai hali, mutumin kirki, da niyya mai kyau, ba na shakkar wannan ko kaɗan. Cikin kwana biyu aka kwantar da ginin, tifa ta kwashe ƙasar. Aka sare durumi domin wai saiwarsa za ta fasa harsashi. Bayan wata takwas aka buɗe sabon masallaci, fes da shi, mai matakala bakwai, ƙofar ta koma ɓangaren titi, shaguna uku sun maye gurbin dakali domin a riƙa samun kuɗin wuta da na mai. Ranar buɗewa na riƙe hannun Baba muka hau. Ya tsaya a tsakiyar tayil, yana laluben iska da hannu, babu abin dafawa. Sai ya juyo ya tambaye ni a hankali, don kada mutane su ji, "Ina alƙibla?"

Mutumin da ya haura shekara 60 yana sallah a wannan gurbi ke nan.

Daga ranar sai da jagora. Jagora kuwa yaro ne, da rana yana makaranta, da asuba yana barci. Sau ɗaya santsin ruwan alwala ya kwashe shi a kan matakala, ya yi wata guda yana jinyar ƙugu. Sannu a hankali jam'in asuba ya fita daga hannunsa, sai Azahar, sai ya zama Juma'a kaɗai ake fita da shi. Bai taɓa cewa uffan a kan wanda ya yi ginin ba, in ban da addu'a. Abin da kawai yakan ce, idan ya ji kiran sallah ta lasifika, shi ne, "Masallacin nan na yara ne." Bayan shekara biyu ya rasu, aka sallace shi a kan kwalta, ana tsayar da masu babur.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an faɗa mini a fuska. Za a ce, Malam, ai Allah ba ya zaune a cikin tubali. Za a karanto mini hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce an sanya masa ƙasa duka ta zama masallaci da abin tsarki. Za a tuna mini cewa an hana mutum ya kama wuri guda a masallaci kamar yadda raƙumi ke kama makwanci. Wani ma zai ɗaga gira ya ce son wuri ƙofar shirka ce, mu da muke zaune a gindin Dala ai mun san labarin Barbushe da Tsumburbura. Duk na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba. Baba bai taɓa roƙon ginshiƙi komai ba, jingina kawai yake yi da shi yana roƙon Mai ginshiƙin.

Amma ku ma ku saurare ni, Allah ya gafarta malam, da abin da ku kuka karantar da mu a zaure. Ba ku ne kuka ba mu labarin Itbanu ɗan Malik ba, sahabin da ganinsa ya yi rauni, kwari ya riƙa cika da ruwa tsakaninsa da masallacin mutanensa, ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi sallah a wani wuri domin ya riƙe shi wurin sallarsa? Annabi bai ce masa ai ko'ina ɗaya ne ba. Ya taso da hantsi tare da Sayyidina Abubakar, ya shiga, ya tambaye shi inda yake so, ya nuna, aka yi raka'a biyu. Ba ku ne kuka ce Salamatu ɗan Akwa'u yakan nemi wani ginshiƙi na musamman a masallacin Madina ba, saboda ya ga Annabi yana kirdadon sallah a wurin? Kututturen dabinon da Annabi ke jingina da shi yana huɗuba, da aka yi mumbari ya bar shi, ya yi kuka har jama'a suka ji, Annabi ya sauko ya rarrashe shi. Ya dubi Uhudu ya ce dutse ne da yake son mu, muke son sa. Yakan je Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Da zai bar Makka ya gaya mata ba don mutanenta sun fitar da shi ba da bai fita ba. Kuma duk yaron da ya kai Iza Zulzila ya karanta cewa akwai ranar da ƙasa za ta ba da labarinta. Idan ƙasa na riƙe da labarin wanda ya yi sujada a kanta, mene ne abin mamaki don shi ma mai sujadar ya riƙe ta a zuciya?

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi shi ne, yawancinmu ba waliyyai ba ne. Zuciyarmu ba ta halarta da zarar mun ce Allahu Akbar. Sai an lallaɓa ta, kamar akuyar da ba ta shiga gidan da ba ta sani ba. Sunkuyawar nan a bakin ƙofa, da sanyin da ke dukan fuska, da muryar tsohon da ke jan carbi a kusurwar da ka san za ka same shi, su ne ke gaya wa jiki cewa an bar kasuwa a waje. Ka tuna a nan ka tsaya ranar da aka ce matarka na kan gwiwa, a nan ka yi kuka a sujada shekarar da jari ya karye, kuma Allah ya fitar da kai. Idan ka dawo wurin da sabuwar damuwa, bangon da kansa yana tuna maka cewa an taɓa amsa maka. Wannan ba ya cikin takardar kiyasin injiniya, shi ya sa tifa ke kwashe shi tare da ƙasa ba wanda ya lura.

Ku tuna ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai hari Babban Masallaci, aka kashe sama da mutum 100. Masallatan Juma'a ba su ƙare a Kano ba, kowa na da na kusa da gidansa. Amma mutane suka koma, har da waɗanda suka tsallake gawa suka fita a ranar. Na san wanda ya rasa ɗan'uwa a wurin, har yau ba ya Juma'a sai a can, a gefen da abin ya faru.

Kada ku ɗauka ina cewa kada a taɓa tsohon gini. Wanda ya ce haka bai ji abin da ya faru a Zariya ba ranar 11 ga Agusta 2023, lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a, ginin shahararren magini Babban Gwani na wajejen shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Ran mumini guda ya fi kowane bakan gizo na rufin gini daraja. Kuma jama'a ta ƙaru, masallacin sahu huɗu ba zai ɗauki lungun da gida ɗaya ya zama gida biyar ba. Zan ma ba ku hujjar da ta fi taku ƙarfi, don kada a ce na ɓoye: lokacin da Sayyidina Usman ya yi niyyar sake ginin masallacin Annabi, mutane sun ƙi, sun so a bar shi yadda yake, shi kuwa ya karanta musu hadisin wanda ya gina wa Allah masallaci Allah zai gina masa gida a Aljanna, ya yi aikinsa da sassaƙaƙƙen dutse. To, amma kafin shi Sayyidina Umar ya faɗaɗa wannan masallaci, sai ya yi shi da irin kayan da aka san shi da su, tubalin ƙasa da zarɓar dabino, ya kuma gargaɗi magini da ya kare mutane daga ruwan sama kawai, ya guji ja da rawaya masu ɗauke hankalin mai sallah. Hanyoyi biyu ke nan, duka na shiryayyu. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa a Kano ta yau hanya ɗaya tak muka sani, ita ma ba ta Usman ba, domin shi sai da ya tsaya ya saurari masu ƙi ya ba su amsa?

Akwai kuma labarin da ya kamata a ce kowane ɗan kwamiti a ƙasar Malikiyya ya haddace. Annabi ya gaya wa Nana A'isha cewa ba don mutanenta ba su daɗe da fitowa daga jahiliyya ba, da ya rushe Ka'aba ya mayar da ita kan harsashin Annabi Ibrahim. Gyara ne na gaskiya, amma ya bar shi saboda zukatan mutane. Daga baya Abdullahi ɗan Zubairu ya yi gyaran, Hajjaju ya zo ya warware. Da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake, Imamu Malik ya roƙe shi kada ya mayar da ɗakin Allah abin wasan sarakuna, wannan ya rushe wancan ya gina, har kwarjininsa ya fita daga zukata. Ni dai na ga masallaci a garin nan da aka rushe sau biyu cikin shekarun da ba su kai na balagar yaro ba, don kawai mai kuɗi na biyu ya fi na farko.

Ku dubi garin da muke ciki. Tarihi ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addini, kuma sunayen unguwanni irin su Madabo da Mandawari da Zaitawa da Sharifai har gobe suna ɗauke da labarin malaman da suka sauka a cikinsu. Birnin da ya haura shekara 600 yana sallah, yau idan baƙo ya ce ka kai shi masallacin da bangonsa ya ga zamanin Dabo, sai ka yi ta sosa ƙeya. Hasumiyar ƙasa ta tsohon Babban Masallaci sai a hotunan Turawa, ginin da muke gani yanzu na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Rumfa ya faɗaɗa, wadda ta ba Turawan 1903 mamaki, an sa ta cikin jerin wuraren da ake neman UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya tun 2007, amma ku bi ta titin Jami'ar Bayero ku ƙirga abin da ya rage. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, aka tayar da wata a madadinta. Filin Idi na Ƙofar Mata kuwa, an gina shaguna, an rushe a 2023, an je kotu, kowa da ɓangaren da yake goyon baya, ni ba wannan ya kawo ni ba. Waɗancan duk aikin hukuma ne, kuma mun iya zagin hukuma a majalisa. Masallatan lungu fa? Waɗannan ba gwamna ba ne ya rushe su. Mu ne, da kuɗinmu, da kabbara.

Abin haushin ma, sau da yawa ginin da ake cewa ya gaji, mu muka gajiyar da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma iyayenmu sun sani: kafin damina ake bin rufi, a share indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe da makuba, inda hali ya yi a sa laso. Aikin gayya ne na yini ɗaya ko biyu, mata su dama kunu, yara su ɗebo ruwa. Muka daina. Sai wani ya kawo shawarar a shafe bangon da siminti a huta. Siminti kuwa ba ya barin ƙasa ta yi numfashi, damshi ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ciki alhali waje na sheƙi, gara ta samu azara, ranar da zai zube babu sallama. Ga kududdufan da aka haƙa tun asali don ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan unguwa, an cike su an yi filoti. Ga titi da kwata da ake ta ɗagawa har daɓen masallaci ya koma rami. Ruwa ya kwanta a gindin bango damina biyar, sannan mu taru mu ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27 da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye. Gobarau tana nan a Katsina. Mutanen Jenne a Mali duk shekara suke fitowa ƙwai da kwarkwata su yaɓe masallacinsu, ranar ta zama musu kamar sallah.

Sabon da muke ginawa kuma, mu faɗi gaskiya, bulo ne inci shida da kwano da silin na roba. Idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu, liman da kansa gajerun surori yake nema. Daga nan sai kwamiti ya shiga bara: kuɗin dizal, kuɗin sola, kuɗin batir. Wanda ya gina ya yi nasa ya tafi, ya bar wa talakawan lungu ɗawainiyar da tsohon masallaci bai taɓa ɗora musu ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A garin Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, Hausawa 'yan'uwanmu sun tsinci kansu a irin wannan hali, tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace kuma ya yi musu kaɗan. Maimakon a kwantar da shi, masu zanen gini biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a kusa da shi mai ɗaukar mutum wajen 1,000, da tubalin jar ƙasar wurin da aka matse da inji. Aka nemo maginan da suka san tsohon ginin aka yi aikin da su, aka gama a 2018. A wannan yanki ne kuma masallacin Yama yake, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Manomi ne ɗan ƙauye, da ƙasa da itace, duniya ta zo ta sara masa. Mu kuwa da muke da unguwa guda mai jikokin magina, mun bar su suna ɗaukar kwanon kankare a wurin 'yan kwangila.

To, ga roƙona, kuma roƙo ne na ƙane da ɗa, ba umarni ba. Idan mai hali ya zo da alherinsa, kada ku ce masa a'a, amma kada amsar farko ta zama katafila. Ku kira tsohon magini na gargajiya tare da injiniya, su duba tare, domin shi injiniyan a makaranta ba a koya masa azara ba, duk abin da ba kankare ba a wurinsa ruɓaɓɓe ne. Idan ginin zai gyaru, ku gaya wa Alhaji cewa gyaran ma sadaka ce mai gudana, ko da ba za a samu bangon da za a manna allon marmara mai sunansa ba. Idan ƙunci ne matsalar, sau da yawa kuɗin rushewa da na hawa biyu zai sayi kangon da ke maƙwabtaka, a faɗaɗa ta baya ko ta gefe, tsohon ya zama sahun gaba ko makarantar dare. Idan kuwa ya tabbata sai an rushe, to a rushe, rai ya fi gini. Amma ko a nan akwai abin da za a tsirar. A bar ƙofa a inda take. A bar bishiya, a nemi dabarar harsashi, ai injiniyoyi sun iya idan an matsa musu. A mayar da dakali, domin shago uku ba za su biya abin da dakali ke yi ba: a nan ake sasanta ma'aurata, a nan ake jin wane bai fito ba yau a tura yaro ya dubo shi, kuma a nan gawa ke jiran sallah cikin mutunci. A rage matakala, a yi gangara da abin dafawa, a nemi daɓen da ba ya santsi a wurin alwala.

Ku tambayi tsofaffin mata ma. Ba sa cikin kwamiti, ba sa zuwa taro, amma a lungunmu akwai soron da ke manne da bangon masallaci, inda iyayenmu mata ke shimfiɗa tabarma su saurari tafsiri ta wata 'yar taga. Da aka yi sabon gini ba wanda ya san da zaman tagar nan balle ya mayar da ita. An yi musu wuri a sama, hawa na biyu, ga masu ciwon gwiwa.

Kafin diga ta taɓa bango kuma, don Allah ku sa yaran nan masu manyan wayoyi su ɗauki hoton ko'ina, ciki da waje da rufi, su auna tsawo da faɗi, su zaunar da dattawa su naɗi muryarsu: wa ya gina, limamai nawa aka yi, wane malami ya yi karatu a nan, wace shekara aka yi yaɓen ƙarshe. A ajiye kwafi a masallaci, a kai wani Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama. Wannan ba ya cin ko kuɗin buhun siminti biyu. Ni yau ba ni da hoton masallacin lungunmu ko guda. Idan na ba jikokina labarinsa kallona suke kamar ina tatsuniya, har wata ta tambaye ni ko a nan Gizo yake sallah.

Shekaranjiya na koma unguwar da aka yi albishir ɗin nan, na yi La'asar a masallacin. Bangon gabas ya tsage, gaskiya ne, kuma an shafa masa siminti har rabi. Ni ba zan iya cewa zai gyaru ko ba zai gyaru ba, aikin masu sani ne. Bayan an sallame kowa ya watse, sai wani dattijo ya rage a jikin ginshiƙi, sandarsa a kwance a gabansa. Na matsa na gaishe shi, na tambaye shi ko an zo an yi shawara da shi kan aikin da za a yi. Ya ce a'a, shi ma a lasifika ya ji. Na ce to yaya ya gani? Ya yi shiru, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Allah ya ba su lada. Wata nawa suka ce zai ɗauka?"

Ban san amsar ba, kuma na gane lissafin da yake yi. Yana nan kullum bayan La'asar, a ginshiƙin hagu idan ka shiga. Don girman Allah, kafin ku kira mai katafila, ku je ku zauna da shi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
ɗanku kuma ƙanenku, wani tsohon malamin makaranta, ɗan cikin gari.